BABI NA HUƊU: AIWATAR DA SAKAMAKON BINCIKEN MAGANIN SHAYE-SHAYE A CIBIYOYIN LAFIYA NA ƘAURA NAMODA DA SHINKAFI DA ZURMI

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren kayan mayen da suka yaɗu a wannan yanki, da dalilan da kan jefa matasa cikinsu. Wannan babi kuwa zai mayar da hankali ne a kan magani. Za a dubi abin da masana suka gano game da warkar da mashayi, da dalilan da suka sa wannan ilimi bai isa ga masu buƙatarsa ba, sannan a fito da rawar da kowace cibiyar lafiya za ta iya takawa, tun daga kemis har zuwa asibitin ƙwararru. Manufar babin ita ce ya nuna cewa ba rashin sanin magani ne matsalar yankin ba. Matsalar ita ce maganin yana wuri ɗaya, majinyacin yana wani wuri dabam.

4.1 Girman Matsalar

Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ƙananan hukumomi ne da ke arewacin Jihar Zamfara, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Yanki ne na noma da kiwo da fatauci. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda tun 1929, kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis ta daɗe da yin suna wajen cinikin dabbobi da hatsi, ita kuwa Zurmi tana iyaka da Jihar Katsina da Jamhuriyar Nijar. Wannan zirga-zirga da ke kawo arziki ita ce kuma ke sauƙaƙa shigowar ƙwaya.

A watan Janairu na 2019 aka fitar da rahoton binciken shaye-shaye na ƙasa baki ɗaya, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wato UNODC. Rahoton ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara ɗaya kafin binciken. Daga cikinsu miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 suka sha magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma suka sha maganin tari mai sa maye. A shiyyar arewa maso yamma an samu kashi 12 cikin ɗari, kimanin mutum miliyan 3 ke nan, inda Zamfara ta zo ta biyu a bayan Kano da kashi 13.5 cikin ɗari.

Abubuwa uku a cikin rahoton sun fi shafar wannan babi. Na farko, ɗaya daga cikin mashaya biyar ne shan ya zame masa cuta sosai. Na biyu, ɗaya daga cikin mashaya huɗu mace ce. Na uku, kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda shansu ya kai matakin haɗari sun ce sun so samun magani amma ba su samu ba, saboda tsada da tsangwama da rashin wurin zuwa. Ke nan ba gaskiya ba ne a ce duk mashayi ba ya son dainawa.

4.2 Abin da Bincike ya Tabbatar

Idan aka tattara sakamakon binciken da aka gudanar a ƙasashe dabam-dabam, za a ga ya tsaya a kan abubuwa huɗu kamar haka:

i. Shaye-shaye cuta ce mai daɗewa. Yawan shan ƙwaya yana sauya yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, har jiki ya saba, ya riƙa neman ƙari. Wani nazari da McLellan da abokan aikinsa suka buga a Amurka a shekarar 2000 ya nuna cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani kan sake komawa, kuma wannan adadi bai yi nisa da na masu hawan jini ko asma da ciwonsu kan tashi bayan ya lafa ba. Saboda haka komawar majinyaci ba alamar faɗuwar magani ba ce, alama ce ta a ci gaba da shi ko a sauya salonsa.

ii. Wankin jiki kaɗai ba ya wadatarwa. Tsare mutum na mako biyu har ƙwaya ta fita daga jininsa matakin farko ne kawai. Hasali ma akwai haɗari a cikinsa, domin jurewar jiki takan ragu, idan ya fito ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. An lura cewa maganin da bai kai wata uku ba amfaninsa kaɗan ne.

iii. Akwai magungunan asibiti ga wasu kayan mayen. Tun 1965 likitoci biyu a birnin Niyok, Dole da Nyswander, suka nuna cewa maganin metadon yana kwantar da ƙishirwar hodar hiroyin. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya metadon da bufirenofin cikin jerin muhimman magunguna. Haka kuma akwai allurar nalokson mai dawo da numfashin wanda ya sha fiye da kima. Waɗannan sun shafi dangin kodin da tiramol da fenta ne. Tabar wiwi da sholisho ba su da irin wannan magani, sai dai nasiha.

iv. Nasiha mai tsari tana da tasiri. A 1983 William Miller ya fito da salon tattaunawa wanda ma'aikaci ba ya yi wa majinyaci faɗa ko wa'azi, sai dai ya yi masa tambayoyi har shi da kansa ya faɗi dalilin da ya sa yake son dainawa. An kuma tabbatar da amfanin shigar da iyali cikin jinya, musamman ga matasa.

Waɗannan abubuwa suna ƙunshe a cikin ƙa'idojin maganin shaye-shaye na duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNODC suka sabunta a 2020. Ita ma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da nata jagoran a 2019.

4.3 Tazarar da ke Tsakanin Bincike da Aiki

Jinkirin isar sakamakon bincike ga majinyaci ba a Nijeriya kaɗai ake fama da shi ba. A shekarar 2000 Balas da Boren suka ƙiyasta cewa akan ɗauki kimanin shekara 17 kafin wani kaso na binciken likitanci ya zama aikin yau da kullum a asibiti. Wannan damuwa ce ta sa Amurka ta kafa wani tsari a 1999, inda ake gwada sababbin hanyoyin maganin shaye-shaye a cikin cibiyoyin jinya na gama-gari maimakon jami'o'i kaɗai. Idan haka abin yake a ƙasar da ake gudanar da binciken, to ina ga ƙauyen da ke bayan Zurmi? Dalilan tazarar a wannan yanki sun haɗa da:

(a) Nisan ƙwararru. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga al'ummar da ta haura miliyan 200, mafi yawansu kuma suna manyan birane. Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da babban asibitin gwamnatin tarayya duk suna Gusau, kimanin kilomita 60 daga Ƙaura Namoda. Asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa kuwa sai an je Kware kusa da Sakkwato, ko Barnawa a Kaduna.

(b) Rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga sun sa bin hanyoyin yankin ya zama kasada, sun kuma tilasta wa dubban mutane barin ƙauyukansu. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar, an kuma rufe kasuwannin mako na wani lokaci. Maganin da ke buƙatar majinyaci ya riƙa dawowa duk mako ba zai ɗore ba idan zuwa ɗaya sai an sayar da rai.

(c) Cunkoson wasu cututtuka. A 2024 ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, ta auna yara a Shinkafi da Zurmi, ta tarar ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Ma'aikacin da ke fama da wannan, ga zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da amai da gudawa, da wuya ya samu sukunin tambayar wani ko yana shan ƙwaya.

(d) Kallon da al'umma ke yi wa mashayi. Ana ɗaukarsa a matsayin ɗan iska ko mai laifi, ba majinyaci ba. Hukumar NDLEA da aka kafa da doka ta 48 ta 1989 an fi saninta da kame, ko da yake tana da sashen ba da shawara. Tsarin shari'ar Musulunci da jihar ta fara aiki da shi a Janairun 2000 ya hana sayar da giya a fili, amma ƙwaya abu ce da ake sakawa a aljihu. Saboda kunya da tsoro, iyali sukan ɓoye nasu har sai abu ya ta'azzara, mace kuwa ɓoyonta ya fi tsanani saboda maganar aure.

(e) Bambancin kayan maye. Galibin binciken ƙasashen Turai da Amurka a kan giya da hodar hiroyin aka yi shi. A nan kuwa tiramol da ekzol da diyazefam da wiwi ake gamawa a sha tare. Dole ne a daidaita sakamakon da halin wurin, ba a kwafo shi yadda yake ba.

4.4 Rawar da Kowace Cibiya za ta Taka

Mashayi ba ya zuwa asibiti ya ce ya zo neman maganin shaye-shaye. Yakan zo ne da ciwon ciki, ko rashin barci, ko rauni daga haɗarin babur, ko kuma a kawo shi ranga-ranga. Don haka hikimar ita ce a kai maganin inda yake zuwa, kowace cibiya ta ɗauki gwargwadon abin da za ta iya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4.4.1 Kemis

Kemis shi ne wurin farko da mafi yawan jama'a ke zuwa idan ba su da lafiya. Doka ba ta yarda mai ƙaramin kemis ya sayar da magunguna irin su tiramol da diyazefam ba. Hukumar NAFDAC ta amince da tiramol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai, alhali wanda ake fasa-ƙwaurinsa yakan kai 225 ko 250. A ranar 1 ga Mayu, 2018 gwamnatin tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton bincike na BBC. Sai dai hani kaɗai bai warkar da wanda ya riga ya kamu ba, ya dai tura wasu ga wata ƙwayar. Abin da ake buƙata ga mai kemis, ban da bin doka, shi ne ya san alamun wanda ya kamu, ya kuma san inda zai tura shi.

4.4.2 Ƙananan Asibitoci

Tun 1991 Nijeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko, amma aiwatarwa ta yi ƙaranci. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikacin da ba ƙwararre ba yadda zai gane lalurorin ƙwaƙwalwa da na shaye-shaye, ya kuma ba da taimakon farko. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci daidaita shirin da yanayin Nijeriya, aka kuma gwada shi a Jihar Oshun.

Kayan aikin da ya dace da wannan mataki shi ne takardar tambayoyi ta ASSIST. Tambayoyi takwas ne da ba su wuce minti goma ba. Ga kayan mayen da ba giya ba, wanda ya samu maki 0 zuwa 3 haɗarinsa kaɗan ne, sai a ja hankalinsa. Mai maki 4 zuwa 26 a yi masa gajeriyar nasiha a nan take. Mai maki 27 zuwa sama a tura shi gaba. Gwajin da aka yi a Ostireliya da Barazil da Indiya da Amurka, wanda aka buga a 2012, ya nuna raguwar sha bayan wata uku. Amma wajibi ne a faɗi cewa wasu gwaje-gwaje biyu da aka buga a Amurka a 2014 ba su ga wannan tasiri ba. Darasin da ke ciki shi ne nasiha ta zama ɗaya ba ta isa ba, sai an haɗa da bibiya.

Kafin takardar ta yi aiki a Moriki ko Kurya ko Dauran, sai an yi tambayoyin da Hausar da majinyaci ke ji, da sunayen da ya san kayan da su. Haka kuma sai an keɓe wuri, domin babu wanda zai amsa irin wannan tambaya a gaban layin jama'a. Ranar awon ciki dama ce ta isa ga mata, muddin mace ce 'yar'uwarsu ke tambayar, kuma an tabbatar musu da rufin asiri.

4.4.3 Manyan Asibitocin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi

A nan ne ake kawo wanda ya suma ko yake jijjiga. Yawan tiramol yana haddasa jijjiga mai kama da farfaɗiya, abin da iyali kan ɗauka bugun iska ne. Ya kamata ɗakin ɗaukin gaggawa ya kasance da nalokson, ma'aikata kuma su san cewa allurar tana gyara numfashi ne, ba ta tsayar da jijjiga. Haka kuma wanda ya saba da diyazefam ba a yanke masa shi lokaci ɗaya, a hankali ake ragewa, domin yankewar gaggawa na iya kai shi ga halaka. Masu ciwon sikila da ake yawan yi wa allurar fenta su ma suna buƙatar kulawa ta musamman, don kada maganin ciwo ya zame musu wani ciwon.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a sallami majinyaci da zarar ya farfaɗo. Wani gwaji da aka yi a asibitin Jami'ar Yale, aka buga a 2015, ya nuna cewa kashi 78 cikin ɗari na waɗanda aka fara ba su bufirenofin tun a ɗakin gaggawa suna nan cikin jinya bayan kwana 30, alhali kashi 37 ne kawai na waɗanda aka ba takardar turawa suka ɗore. Ko da wannan magani bai samu ba, darasin yana nan: a fara jinya a ranar da majinyaci ya shigo hannu, a sanya masa ranar dawowa, a haɗa shi da ma'aikaci takamaimai da wani ɗan'uwa da zai tsaya masa.

4.4.4 Asibitocin Ƙwararru

Ba kowane mashayi ne ke buƙatar kwanciya a Kware ba. Kamata ya yi a keɓe wannan mataki ga wanda shansa ya haɗu da taɓin hankali, ko mai yunƙurin kashe kansa, ko wanda aka yi ta gwadawa a ƙasa abin ya faskara. Aiki na biyu da ke kan ƙwararru shi ne horar da na ƙasa da su, da amsa tambayoyinsu ta waya, da mayar da majinyaci ga asibitin garinsu da rubutaccen bayani. Horon kwana uku da babu sa ido a bayansa ba ya daɗewa yake gushewa.

4.4.5 Malamai da Masu Maganin Gargajiya

Iyalai da yawa sukan fara kai nasu wurin malami ko mai maganin gargajiya, wasu kuma su kai shi gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu ɗaure da sarƙa, a watan Oktoba kuma aka samu irin haka a Daura. Babu wani bincike da ya nuna ɗauri da duka suna warkar da shaye-shaye, kuma tun 2012 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi kira da a rufe wuraren tsare mashaya na dole. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin majinyaci.

Duk da haka, ba daidai ba ne a yi watsi da malamai, domin su jama'a suka yarda da su. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, tare da danginsu da masu maganin gargajiya. A 2020 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar majinyata a wurin masu maganin gargajiya da na addini, aka kuma samu sauƙi fiye da inda ba a yi haɗin guiwar ba. Gwajin ya shafi taɓin hankali ne, ba shaye-shaye ba, amma ya nuna cewa haɗin guiwar mai yiwuwa ne. Limami zai iya rage tsangwama daga kan mumbari, ya ƙarfafa wa mai son tuba guiwa, ya kuma tura wanda jikinsa ya rikice zuwa asibiti.

4.5 Sharuɗɗan Samun Nasara

Kafin wannan tsari ya zauna da gindinsa, akwai abubuwan da ba makawa sai an tanada. Na ɗaya shi ne kuɗi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun tallafa wa kiwon lafiya a matakin farko, kuma ta irin wannan kafa ce za a iya biyan kuɗin horo da magunguna. Na biyu shi ne rajista, domin idan ba a rubuta adadin waɗanda aka tambaya, da waɗanda aka tura, da waɗanda suka dawo ba, babu yadda za a gane ko aikin yana tafiya. Na uku shi ne amana tsakanin asibiti da jami'an tsaro. Ranar da aka kama mutum ɗaya saboda abin da ya faɗa wa ma'aikacin jinya, daga ranar babu wanda zai sake buɗe baki. Na huɗu shi ne sana'a. Da yawa daga cikin masu shan tiramol don ƙarfin aiki suka fara, a gona ko dako ko kabu-kabu, wasu kuma don su manta da abin da idonsu ya gani a lokacin hari. Wanda aka yi wa magani aka mayar da shi cikin halin da ya jefa shi, an yi tufka ne ana warwara.

4.6 Naɗewa

Wannan babi ya yi ƙoƙarin nuna cewa bincike ya riga ya samar da hanyoyin maganin shaye-shaye, amma nisa da rashin tsaro da ƙarancin ma'aikata da tsangwama sun hana su isa ga mutanen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. An ga cewa jiran ranar da za a gina asibitin ƙwararru a kowane gari ba mafita ba ce. Mafita ita ce a raba aikin: mai kemis ya gane ya tura, ƙaramin asibiti ya tambaya ya yi nasiha ya bibiya, babban asibiti ya ceci rai ya fara jinya, ƙwararru su karɓi mai tsanani su horar da na ƙasa, malamai kuma su gyara tunanin al'umma. Babi na gaba, wanda shi ne na ƙarshe, zai kawo taƙaitawar aikin baki ɗaya tare da shawarwari.